Wane ne Mai Ramin? Yadda za ka tantance ƙwarin ƙarƙashin ƙasa da na kogo kafin ka sayi magani

Duk wanda ya yi noma a baƙar lakar Gadarif da ke gabashin Sudan, ko a gaɓar Rahad da Dindir, ko a ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu tun daga Mai Wurno har Damazin, ya san ƙasar nan tana da masu gida a cikinta. Wasu suna cin saiwar gyaɗa, wasu suna kwashe irin dawa a daren da aka shuka shi, wasu ba ruwansu da kowa, wasu ma aiki suke yi mana kyauta. Matsalar ita ce kuɗin goro muke yi musu. Da an ga rami sai a ce gara ce, a sayo kwalbar magani a kasuwa a tuttula. Kuɗi ya tafi, an kashe mai amfani, wanda kuwa ya fi kowa haɗari, wato ƙudan yashi mai kawo cutar kala'azar, yana nan daram, domin shi ko rami ba ya ginawa, a tsagar ƙasa yake fakewa.

Gane wane ne wane ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ka tanadi kofunan roba guda biyar ko shida, da farar takarda, da ɗan man zurma ko man riɗi, da kwali, da farin faranti, da tocila, da ƙaramar kwalba mai sibirto daga kemis don ajiye abin da ka kama. Kyamarar waya ta isa ta ƙara maka girman abu idan ka riƙe ta ba rawa. Sa takalmi rufaffe, kuma kada ka kuskura ka zura hannu a tsagar ƙasa ko ƙarƙashin dutse. Kunama da kububuwa suna son inuwar da ƙwari ke so.

Mataki na farko: karanta bakin ramin

Ka fita da sassafe, kafin dabbobi su tattake wurin, kafin rana ta kori kowa ciki. Kada ka yi saurin tono. Yawancin masu gida sun riga sun bar shaida a ƙofa.

Idan ka ga fili a share tas, zagaye, ba ko ciyawa ɗaya, da tarin ƙaiƙayi a gefe, da 'yan hanyoyi da suka fita ta ko'ina, gidan tururuwa ne. Idan babu ƙofa sam, sai laka da aka manna a jikin kara ko gindin itace ko bango, gara ce. Jikinta taushi gare shi, busasshiyar iska na kashe ta, shi ya sa take rufa wa hanyarta rufi duk inda za ta. 'Yar ƙaramar ƙofa kusa da randa ko gindin famfo ko cikin tukunyar shuka, da baƙaƙen ma'aikata na shiga da fita ɗaiɗai, galibi cinnaka ne. Sabon tulin ƙasa a jigawa, wanda idan ka share za ka tarar da rami mai faɗin babban yatsa, babban gyare ne, wanda ke yanke dashe da dare ya ja ganyen cikin raminsa. A gaɓar kogi kuma, idan ƙasa ta ɗago layi-layi a kan kwamin tumatir ko albasa bayan ban ruwa, ɗan'uwansa ne na fadama mai faffaɗan hannuwan gaba na tono. Ramin da bakinsa ya yi faɗi ya kwanta maimakon ya zagaye, ja da baya, sau da yawa na kunama ne.

Akwai wanda ya cancanci ka tsuguna ka kalla. A ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara, inda yashi ya yi laushi kuma ruwa ba ya taɓawa, za ka ga 'yan ramuka masu siffar mazurari. Ɗauki tsinke ka gangarar da ƙwayar yashi biyu ciki. Nan take za ka ga ana watso yashi daga ƙasan ramin, sai muƙamuƙi biyu masu lanƙwasa su leƙo. Kurkuɗu ke nan. Da baya-baya yake tafiya, da kansa yake jefa yashi don ya zamar da kiyashin da ya faɗo, ya tsotse shi ya wurgar da fanko. Shi ɗin jariri ne, idan ya girma yakan zama ƙwaro mai dogayen fikafikai da ke zuwa wurin fitila. Ba ya cizon mutum, ba ya taɓa shuka. Ƙyale shi.

Mataki na biyu: ɗana tarko ka kwana

Da yawa daga cikin masu gidan ba sa fitowa sai dare, don haka kallon safe kaɗai bai isa ba. Da la'asar ka binne kofunan roba, bakin kowanne daidai da fuskar ƙasa, ka zuba ruwa kaɗan da ɗigon sabulu. Ɗaya a gona, ɗaya gindin danga, ɗaya kusa da rumbu ko bakin matmura, wato ramin ajiye hatsi, ɗaya a garke. Duk abin da ke yawo a ƙasa da dare zai faɗa. Ka jiƙa kwali, ka binne shi sama-sama a inda kake zargin gara, ka danne da dutse, wannan sai bayan mako ɗaya ko biyu za ka buɗe. Sannan ka shafe farar takarda da mai gaba da baya, ka soke ta a tsinke ka kafa a bakin tsagar ƙasa, wata a bakin ramin ɓera, wata kusa da inda ake kwana. Masu bincike man zurma suke shafawa domin ba ya saurin bushewa, amma na riɗi ma zai yi maka dare ɗaya. Ka kwashe takardun kafin rana ta fito, in ba haka ba tururuwa za ta riga ka.

Don gyaren fadama akwai dabara mai sauri: cokali biyu na sabulun wanke kwano a lita huɗu na ruwa, ka kwarara a inda ƙasa ta ɗago. Cikin 'yan mintoci zai fito da kansa.

Wanda yake son ganin 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya kamawa a cikin taki, ya yanke gindin robar ruwa, ya kife ta, ya shimfiɗa guntun raga a wuyanta, ya cika da takin, ya ajiye a rana da kofin sibirto a ƙasa. Zafi da bushewa za su kora su ƙasa su faɗa. Wani masani ɗan Italiya, Antonio Berlese, shi ya fito da wannan dabara a 1905. Za ka ga 'yan fararen halittu masu tsalle da ƙyar suke kai milimita biyu. Ruɓaɓɓen ganye suke ci, yawansu alama ce ta ƙasa mai rai.

Mataki na uku: juye a faranti ka duba jiki

Fara da ƙirga ƙafa. Shida, ƙwaro ne. Takwas, dangin kaska ne ko gizo-gizo ko kunama. Sannan ka dubi ƙugu da 'yan ƙahonnin kai. Duk dangin tururuwa, daga kiyashi har gwano, ƙugunsu a tsuke yake, ƙahonsu a karye da gwiwa, jikinsu da tauri. Gara ba ta da ƙugu, jikinta fari-fari ne mai taushi, ƙahonta a miƙe, ɗigo-ɗigo kamar carbi. Idan masu fikafikai ne da suka fito bayan ruwan farko, shinge, wato gara mai fikafikai, fikafikansa huɗu duk tsawo ɗaya ne, sun ninka jikinsa, kuma yana zubar da su da ya sauka. Na tururuwa na gaba sun fi na baya girma. Gara ma ba dangin tururuwa ba ce ko kaɗan, a wurin masana 'yar'uwar kyankyaso ce.

Gara ba iri ɗaya ba ce

Nan ne aka fi yin asara, don haka a nan za mu daɗe. Kafin komai, tabbatar gidan na da rai. Karya bututun laka tsawon ɗan yatsa, ka dawo washegari. In an ɗinke shi da sabuwar laka mai duhu, suna nan. In yana nan a buɗe kwana da kwanaki, tsohon aiki ne, ba sai ka kashe kuɗi ba.

Sai ka buɗe kwalin da ka binne ka nemi sojoji, domin ma'aikata duk kama suke yi da juna, soja ne ke nuna gidan da ya fito. Mai ƙaton jan kai da muƙamuƙin da ke fasa fata, zago ne, na babban suri, wanda masana ke kira Macrotermes. Mai kai da tsinin baki, ba muƙamuƙin kirki, wanda surinsa ɗan ƙaramin tudu ne a makiyaya, ciyawa yake yanka, ba ruwansa da gidanka. 'Yar ƙaramar nan kuwa, wadda sojanta da ƙyar ya fi ma'aikaci girma, Microtermes, ba ta gina suri ko kaɗan. 'Yan ɗakunanta a warwatse suke can cikin ƙasa, kuma ita ce ke shiga saiwar gyaɗa da auduga da alkama a yankin noman ban ruwa na Jazira da sauran wurare. A arewa wajen Dongola, inda ƙasa yashi ce, akwai wata dabam, Psammotermes, mai cin azarar ɗaki da dabino.

Ga inda nake ganin ana zaluntar suri. Gyaɗa ta fara yaushi, sai mai gona ya hangi suri a gefen gona, ya tara yara su rushe shi, a tono sarauniya, a ce an gama. Bayan mako biyu gyaɗa na ci gaba da mutuwa, domin mai laifin ba ta taɓa zama a surin ba. Abin yi shi ne ka tuge tushen da ya yi yaushi ka tsaga saiwar da wuƙa. Idan cikinta rami ne cike da ƙasa, ƙaramar gara ce. Idan saiwar a gutsure take, ka tona gefe ka tarar da farar tsutsa mai jan kai da ƙafa shida a naɗe, gwazarma ce, wato 'ya'yan wani buzuzu. Idan saiwar na nan cikakkiya amma ta yi baƙi ta ruɓe, cutar shuka ce, maganin ƙwari ba zai yi mata komai ba. Abu uku, magani uku, kuma daga sama duk yaushi ɗaya ne.

Ƙaramar gara ta fi far wa shukar da ƙishirwa ta galabaitar da wadda ta wuce lokacin girbi. Saboda haka a gonar ban ruwa kada a bar tazara mai tsawo, a gonar damina kuma a tuge gyaɗa da ta nuna. Kwanson da gara ta kankare yana buɗe ƙofa ga fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta kuma take sa a ƙi sayen gyaɗa a kasuwar waje. Ka ware irin waɗannan kwanson, kada a kai su matsar mai tare da masu kyau. Cuɗa iri da maganin da aka yi domin iri kafin shuka ya fi feshi bayan ɓarna ta bayyana.

A gida kuwa, kada itace ko kara ya taɓa ƙasa kai tsaye. Buhuna a ɗora su kan duwatsu ko ƙarfe, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda tocila za ta shiga. Littattafai da allunan makaranta a riƙa ɗaga su ana dubawa. Garar da ta cinye takardar ƙauracewar da Ƙuraishawa suka rataye a Ka'aba, ta bar sunan Allah kaɗai, umarni aka ba ta, ta akwatinka ba za ta bar maka ko shafi ba. Idan gini za a yi, a sa wanda ya san aikin ya jiƙa ƙasar harsashi da magani irin fipronil ko imidacloprid. Kada ka sayi na kwalbar da ba ta da rubutu, kada a zuba kusa da rijiya, kada ya taɓa hatsi. Tsofaffin magungunan nan aldrin da dieldrin da iyayenmu suka sani an haramta su a yarjejeniyar Stockholm ta 2001, saboda suna daɗewa a ƙasa su taru a jikin mutum.

Babban suri da ke nesa da gida ni ban ga dalilin rushe shi ba. Ramukan gara ne ke shigar da ruwa cikin ƙasa mai tauri. Manoman Tawa a Nijar da na Burkina Faso da gangan suke zuba taki a ramukan tassa, wato 'yan ramukan shuka, don su jawo ta ta huda musu faƙo.

Tururuwa, gwano da cinnaka

Tururuwa ɓarnarta a fili take: irin da aka watsa ba a rufe ba, da hatsin da aka bari a masussuka. A yi shuka bayan ruwa mai kyau, a rufe iri sosai, a kwashe sussuka da wuri, shi ke nan an raba gari. Tanadinta ma ya taɓa ceton rayuka, domin a yunwar 1984 zuwa 1985 mutanen yammacin ƙasar nan sun tone gidajenta sun kwashi tsabar da ta tara.

Gwano, mai wari da tafiya a jere, shi ne wanda aka fi kashewa a banza. Ka bi jerinsa wata safiya ka gani: inda gara take ya nufa, kuma da gara cike da baki yake dawowa. Wanda ya zuba wa gwano magani ya sallami mai gadinsa.

Cinnaka dai bai san na gida ba. Baƙi ne, bai wuce milimita biyar ko shida ba, kuma harbi yake yi da ƙari, ba cizo ba. A 1862 wani masani, Gustav Mayr, ya bayyana shi daga samfurin da aka kawo daga Sinnar, shi ya sa sunansa na kimiyya yake ɗauke da sunan garin. Shi ne ake kira samsum a Saudiyya da ƙasashen Gulf, inda likitoci suka san shi da jefa wasu mutane cikin mummunan borin jini. Ga yawancin mutane raɗaɗi ne na ɗan lokaci. Amma idan bayan harbi mutum ya fara kumburin leɓe ko fuska, ko shaƙewar numfashi, ko jiri, ko ƙuraje suka feso a duk jiki, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga abin da hali zai yi. 'Yan'uwa da ke zaune a Jidda da Riyad su lura da wannan musamman a gidajen da ake ban ruwan fulawa. Danshi yake bi, don haka gyara famfon da ke ɗiga ya fi kowace hoda.

Na cikin duwatsu da koguna

Mazauna kogo kashi uku ne. Akwai baƙi masu fakewa na wani lokaci, akwai masu son duhu amma za su iya rayuwa a waje, kamar kyankyasai da gyare da buzuzun da ke cin kashin jemage, akwai kuma 'yan asalin kogo waɗanda idan aka fito da su sai su mutu. Gane na ƙarshen ba wuya: ba ido ko ɗan ɗigo kawai, ba launi, ba fikafikai, ƙafafu da ƙahonni dogaye sirara. A nan bambancinsu da na cikin ƙasa yake. Duka biyun duhu ya raba su da ido da launi, ma'aikaciyar gara ma makauniya ce. Amma na cikin ƙasa sai ya kutsa, don haka gajere ne, dunƙulalle, mai ƙarfin gaba. Na kogo fili gare shi amma abinci ya yi ƙaranci, don haka lalube yake yi daga nesa, yana tafiya a hankali, yana jure yunwa. Ƙwaron kogo na farko da aka bayyana a kimiyyance wani makahon buzuzu ne da aka samu a kogon Postojna a ƙasar Sulobeniya a 1831.

Irin waɗannan sai kogo mai zurfi da danshin da ba ya yankewa. Namu na duwatsun Taka a Kasala da duwatsun Nuba yawancinsu tsagogi ne tsakanin manyan duwatsu, ba nisa, kuma sukan bushe, saboda haka baƙi za ka fi tararwa. A Saudiyya akwai dogayen kogunan da aman wutar dutse ya bari, irin su Ummu Jirsan a arewacin Madina, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi.

Baƙon da ya shafi manomi shi ne andat, ƙwaron nan mai wari da ke tsotse dawa tana madara, yana kuma taɓa riɗi. Da rani yakan taru dunƙule-dunƙule a jikin itatuwa da tsagogin duwatsu yana jiran damina. Idan ka ga irin wannan taro, kada ka cinna masa wuta, ka kai labari ofishin kare amfanin gona, domin a wannan maɓoya ake yi masa feshi kafin ya watsu. Ɗan'uwansa a ɓarna shi ne ƙwaron da ake kira mai shan mai, wanda ke ɓuya a tsagar ƙasa ƙarƙashin tarin riɗi da rana ya fito da dare ya tsotse tsaba. Kofin da ka binne gindin tari zai nuna maka shi, kuma maganinsa na farko kada riɗi ya daɗe a tsaye bayan ya bushe.

Kada a kwana a kogo ko a inda raƙuma da awaki suka saba kwanciya a yashi. Akwai kaska mai taushin jiki da ke binne kanta a ƙura, ta fito ta sha jini cikin ɗan lokaci ta koma, wasu irinta na kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Inda kashin jemage ya taru kuma a rufe hanci, kada a tayar da ƙurarsa.

Takardar mai

Yanzu ɗauko takardun da ka kafa, ka kai su inda haske yake. Cikin ƙura da 'yan ƙwari iri-iri, nemi wani ɗan abu da bai wuce milimita biyu ko uku ba, launin ƙasa-ƙasa, jikinsa duk gashi, bayansa a ƙuse, ƙafafunsa dogaye. Idan ka gan shi da rai a bango, fikafikansa a ɗage suke sun yi siffar V, ba ya kwantar da su. Ba ya kuka a kunne, ba ya dogon tashi, tsalle-tsalle yake yi. Ƙudan yashi ke nan, mai kawo kala'azar. Kada ka haɗa shi da ɗan ƙudan bayan gida mai faffaɗan fikafikai a kwance, wannan ba ya cizo.

Ido ba zai gaya maka ko wanda ka kama shi ne mai cutar ba. Da yawa daga cikinsu jinin ƙadangare suke sha, sai da madubin ɗakin bincike ake rarrabe su. Amfanin takardar shi ne ta nuna maka wane gefen gida ko gona ya fi su yawa, ka san inda ba za a shimfiɗa wa yara ba.

Mai cutar a gabashin Sudan sunansa Phlebotomus orientalis. Abokan zamansa uku ne: baƙar laka mai darewa, da talha wadda wasu ke kira dushe, da aduwa. Da rana yana can cikin sanyin tsaga, da faɗuwar rana macen ta fito neman jini, kuma a waje ta fi cizo, ba a ɗaki ba. Yana yawaita daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafi ke fitar da kowa tsakar gida da angarib, wato gadon igiya, ya ragu idan ruwa ya sauka ƙasa ta haɗe bakinta. 'Ya'yansa a ƙasa mai danshi suke girma, ba a ruwa ba, don haka cike kududdufi maganin sauro ne kawai.

Abin da ke rikita mutane shi ne tazara. Cizo a bazara, ciwo sai bayan wata biyu zuwa shida, wani lokaci fiye, lokacin an shiga kaka ko sanyi kowa ya manta. Sai a yi ta shan maganin maleriya zazzaɓi ya ƙi sauka. Alamun su ne zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama, da kumburin saifa a hagun ciki, da ƙarancin jini, a nan Sudan kuma sau da yawa har da kaluluwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Annobar da ta auka wa yammacin Upper Nile, a Sudan ta Kudu ta yanzu, tsakanin 1984 da 1994 an ƙiyasta ta kashe mutum kusan 100,000. Gadarif kuwa, musamman ƙauyukan gaɓar Atbara da Rahad, tana cikin wuraren da cutar ta fi kamari a duniya. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaro, da mai tamowa, da baƙon da jikinsa bai taɓa haɗuwa da ita ba: ɗan ƙwadagon da ya zo yankan riɗi, ko iyalin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro daga Khartum ko Madani suna kwana a fili. In kana da irin waɗannan baƙi a gidanka, kai za ka gaya musu, su ba su sani ba.

Kariya ba ta da wani sirri. Gidan sauro mai magani, a ɗaura shi ko a tsakar gida ake kwana, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa tun magariba. Wanda ba magani a jikinsa kuma idonsa manya ne, ƙudan na ratsa shi. A kwana a kan gado maimakon tabarma a ƙasa. A sa wa yara riga mai dogon hannu da yamma. Kada a yi zango gindin talha ko aduwa a bazara komai daɗin inuwar. A cike tsagogin tsakar gida da yashi ko tsakuwa. An gwada fesa magani a jikin dangar kara ta waje a wasu ƙauyukan Gadarif, an ga yawan ƙudan ya ragu, amma wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, a nema ta hannun kwamitin gari. Takardar da ta kama da yawa a bakin ramin ɓera kuma wani labari ne: akwai wani irin ƙudan da ke zama a can, mai kawo gyambon fata mai daɗewa bai warke ba, irin wanda ya bazu a Khartum daga tsibirin Tuti a tsakiyar shekarun 1980. A toshe ramukan, a rage ɓeraye.

Wanda alamun suka bayyana gare shi ya nemi a yi masa gwajin kala'azar da sunansa, kada ya tsaya a na maleriya. Akwai na gaggawa da ɗigon jinin yatsa, ana ce masa rK39, idan bai nuna ba kuma zargi na nan akwai wasu gwaje-gwajen a asibitocin da suka saba da cutar, irin na Gadarif da Doka. Maganin da aka fi bayarwa a Gabashin Afirka allura biyu ce a haɗe, sodium stibogluconate da paromomycin, kwana 17 a jere, kuma a asibiti ake yin ta saboda tana iya taɓa zuciya da ƙoda da ji. Mai ciki da tsoho da wanda ya galabaita sosai wani maganin dabam ake ba su. Ba a tsayawa a tsakiya don zazzaɓi ya sauka. Bayan an warke da 'yan watanni, da yawa daga cikin marasa lafiya a Sudan, har kusan rabi, sukan ga ƙuraje sun feso, suna farawa daga kewayen baki su bazu a fuska da ƙirji. Yawanci suna bajewa da kansu, amma ƙudan na iya ɗaukar cutar daga jikinsu ya kai wa wani, don haka mai su ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma mayar da shi asibiti idan sun yi yawa, ko sun kusanci ido, ko sun wuce wata shida ba su tafi ba.